Teburin Mai Gyara da Lafiyar Bayansa: Nasiha ga Matasan Rano da Kibiya

Tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya, sana'ar gyaran kayan lantarki ta sauya kama a ƙasar Kano, domin aikin da a da ya taƙaita ga rediyo da rakoda da talabijin ya koma kan ƙananan na'urori waɗanda sai an zura ido sosai kafin a ga abin da ke cikinsu. A Rano da Rurum, da Kibiya da Tarai, da sauran garuruwan kudancin jihar, ba a rasa matashin da ya koyo aikin a kasuwar waya ta Farm Centre ko ta titin Beirut a birnin Kano, sannan ya dawo gida ya kafa rumfa ko ya kama shago a bakin tasha, inda yake gyaran waya da fitilar caji da sifika, har da na'urorin sola da suka yawaita saboda ƙarancin wuta. Irin wannan matashi yakan kashe abin da ya tara wajen sayen ayon, wato ƙarfen da wuta ke zafafa bakinsa don narkar da dalma, da bulowa mai hura iska mai zafi, da mitar gwaji, amma teburin da zai yini a kansa da kujerar da za ta ɗauki nauyinsa sai ya bar su ga abin da ya samu, ko tsohon benci ko kujerar roba da ta fara buɗe ƙafafu. Wannan sakaci yana da tsada, domin ayon idan ya ƙone ana sayen wani, amma ƙugun da ya shekara goma a tanƙware ba ya komawa yadda yake cikin sauƙi.

Akwai fannin ilimi da ke nazarin yadda za a daidaita wurin aiki da kayan aiki su dace da jikin ma'aikaci, ana kiransa egonomi, kuma damuwar da ta haife shi tsohuwa ce. A shekarar 1700 likitan ƙasar Italiya Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i, inda ya lura cewa teloli da masu ɗinkin takalma, saboda yawan zama a sunkuye, bayansu yakan ranƙwafa, ya kuma shawarci likitoci su riƙa tambayar majinyaci sana'arsa kafin su ba shi magani. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, cewa adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050, kuma babu wata lalura da ta kai shi hana mutane gudanar da harkokinsu a duniya.

Kafin a fahimci dalilin gyaran wurin zama, ya kamata a san yadda ƙashin baya yake. Jeri ne na ƙananan ƙasusuwa, bakwai a wuya, goma sha biyu a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, biyar a ƙugu, kuma tsakanin kusan kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai taushi a ciki wanda ke shanye nauyi da girgiza. Idan mutum yana tsaye, ƙugunsa yana ɗan lanƙwasa zuwa ciki, kuma wannan lanƙwasa ita ce ke raba nauyi daidai a kan faifan. Da zarar ya zauna a kan benci marar majingini ya sunkuya gaba, lanƙwasar takan juye zuwa waje, gaban faifan ya matse, abin da ke cikinsa ya turu baya, wajen da jijiyoyin da ke sauka zuwa ƙafafu suke. Likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, wanda ya auna matsin da ke cikin faifan mutane masu rai a shekarun 1960 da 1970, ya nuna cewa zama a sunkuye yana ɗora wa ƙugu matsin da ya kusa ninka na tsayuwa, kuma binciken da Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa suka gudanar a Jamus suka kuma wallafa a 1999 ya tabbatar da cewa sunkuyon ne ke ƙara matsi sosai, alhali zama a jingine yana rage shi. Ga wuya kuma, kan babban mutum yana da nauyin kimanin kilo 5, amma likitan tiyata Kenneth Hansraj na Amurka ya ƙiyasta a 2014 cewa idan aka sunkuyar da shi kusurwar digiri 30 wuya yana jin kamar kilo 18, a digiri 60 kuwa kamar kilo 27. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa, domin yana da sauƙi idan an riƙe shi a jikin cinya, amma idan aka miƙa hannu da shi gaba, cikin ɗan lokaci kafaɗa za ta fara rawa. Ƙari a kan haka, tsokar da ta daɗe a ɗaure ba tare da motsi ba tana matse hanyoyin jinin da ke cikinta, shi ya sa mai gyara yake tashi da yamma a gajiye tamkar wanda ya yi dako, alhali bai ɗauki abin da ya fi sukudireba nauyi ba.

Abin da ya fi muhimmanci ga matashi ya gane shi ne ido ne ke jan baya. Babu mai sunkuyawa don sha'awa, yana sunkuyawa ne don ya gani. Wasu daga cikin ƙananan kayan da ke kan fanel, wato allon da aka shimfiɗa hanyoyin wuta da kayan waya a kansa, tsawonsu milimita 1 ne, wasu milimita 0.6, wasu ma 0.4, kuma ido ba ya rarrabe irin waɗannan daga nesa. A duba mai canja wurin caji, aikin da kusan kowace rana sai an kawo shi: fanel yana kwance a kan tebur mai tsayin gwiwa ko cinya, hannun hagu yana riƙe da hantsaki, na dama da bulowa, ya shafa fes, wato man da ke sa dalma ta gudana ta kama ƙarfe, sannan ya kai fuskarsa har ta kusa taɓa aikin don ya ga lokacin da dalmar za ta yi sheƙi. A wannan hali haɓarsa ta miƙe gaba, kafaɗunsa sun ɗage zuwa kunne, gwiwoyin hannunsa suna reto babu abin da ya tallafe su, ya kuma riƙe numfashi don kada hannu ya girgiza. Mintuna kaɗan ne, amma idan aka maimaita su daga hantsi zuwa magariba, kwana shida a mako, su ne ke zama ciwon da ke hana barci. Saboda haka faɗa wa mai gyara ya miƙe bayansa ba ya wadatarwa, domin zai miƙe na minti ɗaya sannan ido ya sake janyo shi. Gyaran da ke ɗorewa shi ne a ɗago aikin zuwa ga ido, a haskaka shi, a ƙara masa girma.

Awo yana farawa daga kujera, kuma daga jikin wanda zai zauna a kanta ake ɗaukarsa. Mutum ya zauna tafin ƙafafunsa biyu a shimfiɗe a ƙasa, cinyoyinsa a kwance ko sun ɗan gangara gaba, sai a auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwa, wannan shi ne tsayin kujerarsa, wanda ga mafi yawan manya yakan faɗa tsakanin inci 16 da 18. Zurfin mazaunin kada ya kai har ya tokare bayan gwiwa, a bar ratar yatsu biyu ko uku. Majingini wajibi ne, kuma amfaninsa yana a ƙasa, daidai inda ɗamara ke zama, don ya tokare ƙugu ya riƙe lanƙwasarsa. Wanda bai sami kujerar ofis mai hawa da sauka ba, kujerar katako mai ƙarfi ta isa, idan aka sa mata siririyar katifa aka kuma naɗe tawul aka ɗaure shi a majinginin. Kujerar roba kuwa an yi ta ne don zaman biki, mazauninta ya gangara baya, saboda haka mai aiki a kanta dole ya zame zuwa bakinta ya bar majinginin, ga gumi da take tarawa a lokacin bazara.

Bayan kujera sai tebur. Teburin da kafinta ya saba yi, mai inci 30, an tsara shi ne don rubutu da cin abinci. Masanin wannan fanni Etienne Grandjean na ƙasar Suwizalan ya koyar da cewa aikin da ke buƙatar natsuwar hannu da kaifin ido ana yinsa ne a saman da ya ɗara gwiwar hannu da santimita 5 zuwa 10, wato inci 2 zuwa 4, saɓanin aikin ƙarfi da ake yi a ƙasa da ita. Don haka mutum ya zauna a kujerar da aka riga aka daidaita, ya saki kafaɗunsa, ya lanƙwasa hannu, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannun, a ƙara waɗannan inci, shi ne awon da za a kai wa kafinta. Idan teburin ya riga ya yi tsayi, a ɗaga kujera a sa wa ƙafafu matashin katako, idan kuma ya yi ƙasa, a sa wa ƙafafun teburin bulo ko guntun katako. Bakin teburin a goge masa kaifi, a manna masa soso ko roba, domin a nan damatsan hannu za su kwanta, kuma hannun da ya sami matokari ba ya rawa, wanda hakan riba ce ga aikin kansa.

Akwai kuskure guda da ya zama ruwan dare a shagunan waya, wato yin gyara a kan akwatin gilashin da ake jera kaya, ko a kan tebur mai loka da kantoci a ƙasansa. Irin wannan ba ya barin gwiwa ta shiga, sai mai aiki ya zauna nesa ya miƙo jikinsa, ko ya karkata gefe guda ƙafafunsa na kallon gabas ƙirjinsa na kallon arewa, kuma haɗa sunkuyo da murɗawa shi ne mafi munin abin da ake yi wa faifan ƙugu. Ƙarƙashin teburin gyara wurin ƙafafu ne, ya kamata ya zama fili mai zurfin kusan ƙafa 2, ba ma'ajiyar batir da kwalaye da matattun fanel ba. Loka ta koma gefe, akwatin gilashi kuma a bar shi ga ciniki.

Ko da tebur ya yi daidai, fanel ɗin da ke kwance a kansa yana nan nesa da ido, saboda haka ana buƙatar mariƙi, wato ɗan maƙalin ƙarfe da ke damƙe fanel ya hana shi zamewa, a ɗora shi a kan guntun katako mai kaurin inci 2 ko 3. Daga nan sai haske, wanda a nan ne shagunan karkara suka fi rauni. Ƙa'idar Turai ta hasken wuraren aiki ta tanadi lus 500 ga ofis, lus kuwa ma'auni ne na yawan hasken da ke sauka a kan abu, amma ga wurin gyara da gwajin kayan lantarki ta tanadi 1,500, wato ninki uku. Ƙwan fitila guda da ke rataye a rufin kwantena ba zai ba da wannan ba, hasali ma inuwar kan mai aikin yake jefawa a kan aikin. Fitilar tebur mai wuyan da ke lanƙwasuwa, wadda ke aiki da batir mai bolt 12 ko ƙaramin sola, ita ce mafita a wurin da wuta ba ta tsayawa, a ajiye ta a hagu ga mai aiki da dama, a dama ga bahago. Wanda ke aiki da hasken rana ya sa ƙofa ko taga ta kasance a gefensa, domin idan tana gabansa za ta kashe masa ido, idan tana bayansa zai tare hasken da jikinsa.

Madubin ƙara girma, musamman maikuroskof mai idanu biyu da ke ƙara girman abu sau 7 zuwa 45, shi ne kayan da ya fi kowane ceton wuya, kuma ya cancanci a tara kuɗinsa kafin a yi wa shago ado. Sai dai shi ma yana iya zama sanadin ciwo idan an girke shi ƙasa, domin mai aiki zai daskare a sunkuye a kansa. Ƙa'idar ita ce mutum ya fara zama daidai, bayansa a jingine, sannan a ɗaga na'urar ko a sa mata katako a ƙasa har bakin madubin ya iske idonsa. Akwai ƙarin gilashi da ake ɗaurawa a ƙasanta wanda ke rage girman da rabi amma ya faɗaɗa ratar da ke tsakaninta da fanel daga kimanin santimita 10 zuwa 16, abin da ke ba ayon da bulowa wurin shiga. Matashin da ya ga yana matso da fuska fiye da abokansa ya je a gwada idonsa, domin sau da yawa tabarau ne maganin ciwon wuyan da aka daɗe ana shafa wa man zafi.

Jeren kaya ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da hannu ke ɗauka kowane minti, ayon da mazauninsa da hantsaki da dalma da fes, ya kasance inda za a kai gare shi gwiwar hannu na jikin haƙarƙari, ayon da bulowa a ɓangaren hannun da ke riƙe su don kada igiyarsu ta gitta kan aiki. Abin da ake nema jefi-jefi gara a ajiye shi inda sai an tashi tsaye. Teburin kuma ya fuskanci inda masu kawo gyara ke tsayawa, ko ya kasance kujerar na juyawa, don kada a yini ana waiwaye.

Hayaƙin liƙi yana da alaƙa da zama fiye da yadda ake zato, domin wanda ya sunkuya hancinsa yana daidai kan hanyar hayaƙin. Dalmar da aka fi amfani da ita, mai kashi 63 na kuza da 37 na darma, tana narkewa a digiri 183 na ma'aunin Selshiyas, bakin ayon kuma yakan kai 350, kuma farin hayaƙin da ke tashi na ƙaron da ke cikin fes ne, wanda an tabbatar yana haddasa asma ga masu shaƙarsa shekara da shekaru. Ƙaramar fanka irin ta cikin kwamfuta, idan aka ajiye ta a bayan aikin tana zuƙe iska tana fitarwa waje, ta fi fankar da ke hurowa daga gaba, wadda ke sanyaya dalma ta kuma watsar da ƙananan kaya. Ita kuwa darma ta hannu take shiga baki, saboda haka riƙe zaren dalma da haƙori, da cin gyaɗa ko rake a kan teburin aiki, abubuwa ne da ya wajaba a bari, a kuma wanke hannu da sabulu kafin abinci da kafin ɗaukar yara. Mutanen arewa sun ga abin da gubar darma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu, kuma ko da yake wancan daga haƙar zinare ne, gubar ɗaya ce.

Duk kyan kujera, jiki bai yarda da daskarewa ba. Faifan ƙashin baya ba shi da wadatattun hanyoyin jini a cikinsa, yana samun abincinsa ne ta hanyar matsewa da sakewar da motsi ke kawowa, don haka tashi bayan kowane minti 30 zuwa 40, a tsaya, a dafa ƙugu da hannu biyu a ɗan lanƙwasa baya, a juya kafaɗu, a taka zuwa bakin titi, yana cikin aikin kamar yadda goge bakin ayon yake cikinsa. Ido ma yana hutawa idan bayan kowane minti 20 aka dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Lokutan salla rahama ne ga mai wannan sana'a, domin alwala da tafiya masallaci suna katse zaman, amma daga buɗe shago zuwa azahar sa'o'i ne masu yawa, kuma a nan ne, musamman ranar kasuwa da jajiberin salla, mutum yake mancewa da kansa. Ya kamata a tuna kuma cewa matashin Rano ko Kibiya da wuya gyara ya zama aikinsa kaɗai, da damina yana noma a duƙe, yana hawan babur a kan hanya mai gargada, yana kuma ɗaga batirin sola wanda babbansa ke kai kilo 60. Ƙugun da ya yini a tanƙware ya fi saurin rauni idan aka ɗora masa nauyi nan take, saboda haka a ɗan taka tukuna, a durƙusa da gwiwa, a rungumo kayan a jiki, kuma babban batir aikin mutum biyu ne.

Idan ciwon ya riga ya zo, abin da aka saba shi ne a ce basir ne ko sanyi, a sha jiƙo, ko a je kemis a karɓo haɗin maganin gajiya. Magunguna irin su diclofenac suna kwantar da zafi, amma yawan shansu yana cin ciki yana kuma taɓa ƙoda, tramadol kuwa ya jefa matasa da yawa cikin jarabar da ta fi ciwon bayan muni, kuma babu ƙwayar da za ta ɗaga tebur ko ta ƙara haske. Mafi yawan ciwon ƙugu, kusan kashi 90 cikin 100, ba ya da wata cuta takamaimai a bayansa, kuma yakan lafa cikin makonni idan aka ci gaba da motsi aka gyara zama, kwanciya ta kwanaki ma ƙara shi take yi. Amma idan zafin yana sauka ƙafa tare da mutuwar jiki ko raunin taku, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ciwon ya haɗu da zazzaɓi da rama da gumin dare, wanda yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, to wannan ba na jira ba ne, a nufi Babban Asibitin Rano, daga can idan da buƙata a tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin ƙashi da masu gashi da motsa gaɓoɓi.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne yaron shago, domin shi ake bar wa ƙaramar kujera da ƙuryar da haske bai kai ba, yana aiki a kan cinya ko a kan teburin da aka auna da jikin ogansa, kuma a shekarun da ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma zaman da yaro ya saba da shi a shekarar farko ta koyo shi zai ɗauka ya kai nasa shagon. Haƙƙi ne a kan masu shaguna, da masu koyarwa a makarantar fasahar karkara da koyon sana'o'i ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke Rano, su koyar da awon kujera da tebur tare da koyar da riƙon ayon. Yaron da bai da ikon canja teburin ogansa yana da ikon neman guntun katako ya ɗaga aikinsa, ya naɗe tawul a ƙugunsa, ya sayi fitila da kuɗin sallamarsa, ya kuma nemi izini cikin ladabi ya riƙa miƙewa. Ranar da Allah ya nufe shi da buɗe nasa wurin kuwa, ya je wurin kafinta da awon jikinsa a rubuce kafin ya je kasuwa sayen kaya.